Ranar da shuɗin haske ya yi min shaidar zur

Akwai wani sinadari da har yau in na tuna shi sai na ji kunya ta kama ni, ba shi ma da suna, lamba ce kawai a jikin ƴar kwalba, amma ya sa na yi kusan sati uku ina tafiya kamar ba na taka ƙasa. Na ɗiga shi a faranti mai ramuka 96, na tura farantin cikin na'ura, lambobi suka fito, hasken ya faɗi warwas, daidai yadda ake so abin da ke taka wa enzayim birki ya yi, enzayim kuwa furotin ne da ke gudanar da wani aiki a cikin jiki. Na maimaita, haka. Na sake kwaɓa komai sabo na kuma maimaitawa, haka dai. To ni kuma me ya rage, har na fara tsara taken takardar da zan rubuta a raina. Na kwashi jadawali na nufi ofishin Malam, ya ɗaga gilashinsa ya duba, ya jima bai ce komai ba, sai can ya ce, "Ka gwada shi da tirifsin shi kaɗai?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai HDAC nake aunawa, ba tirifsin ba." Ya miƙo min takardar ya ce, "Haka kake zato."

Bari in koma baya tukun, don na san ba kowa ne ke kwana da waɗannan sunayen ba.

DNA ɗin da ke cikin sel ɗaya tak na jikin mutum, in aka warware shi aka miƙe, tsawonsa ya kai wajen mita 2, kuma duk wannan an cusa shi ne a cibiyar sel wadda faɗinta bai wuce ƴan maikuromita ba. Ba a dunƙule shi aka yi aka tura ba, naɗe shi aka yi kamar zare a jikin kwarkwaro, kwarkwaron nan kuma furotin ne da ake kira histon. Guda takwas ne suke haɗuwa su yi dunƙule ɗaya, bibbiyu daga H2A da H2B da H3 da H4, sai DNA mai haruffa kamar 147 ya zagaye su, bai cika zagaye biyu ba. Kowane histon yana da ɗan wutsiya da ke leƙowa waje, kuma a kan wutsiyoyin nan ne ake duk hidimar. Akwai wani tubalin furotin mai suna laisin da ya yi yawa a wurin, yana ɗauke da caji mai jan DNA ya manne, in aka liƙa masa wani ɗan guntun sinadari da ake kira asetil sai cajin ya mutu, riƙon ya sassauta, wurin ya buɗe a iya karanta ƙwayar gadon da ke nan. In aka cire asetil ɗin sai a koma a ɗaure. Shi kuma metil nasa salon daban ne, ba ya taɓa cajin, alama ce kawai da wasu furotin ke zuwa su karanta, kuma ma'anarta ta danganta da inda aka sa ta da kuma guda nawa ne, ɗaya ko biyu ko uku.

Wani Bajamushe, Albrecht Kossel, shi ya fara gano histon tun 1884, amma shekara da shekaru ana kallonsa a matsayin kayan naɗi kawai, abin da ba shi da wani labari. A 1964 Vincent Allfrey da abokan aikinsa a Rockefeller da ke Amurka suka nuna cewa ana sa wa histon asetil da metil, har suka ce ga alama wannan na da alaƙa da kunnawa da kashe ƙwayoyin gado. To amma wa ke sa alamar? Wa ke gogewa? Sai da aka kai 1996, shekara 32 ke nan fa, kafin James Brownell da David Allis su kama enzayim ɗin farko mai sa asetil wanda ke da alaƙa da kunna ƙwayoyin gado, daga jikin wata ƴar mitsitsiyar halittar ruwa mai suna Tetrahymena, kuma a shekarar ne ɗakin gwajin Stuart Schreiber ya kama mai gogewa, wato HDAC1. Ni abin da ya fi tsaya min a rai a labarin nan shi ne ba ƙarancin basira ne ya cinye shekarun ba, rashin hanyar gani ne. Brownell sai da ya ƙirƙiro dabara, ya cakuɗa histon a cikin jel ɗin da ake tace furotin, ya jiƙa shi da asetil mai tiririn rediyo, sannan ya ga daidai layin da alamar ta manne. Da aka samu ido, sai aka ga abu.

Daga nan kuma sai kamar an buɗe famfo. A 2000 ƙungiyar Thomas Jenuwein a Biyana ta ƙasar Ostiriya ta nuna SUV39H1 na sa metil a laisin na tara na H3. A 2004 Yang Shi a Harvard ya fito da LSD1 mai goge metil, bayan mutane da yawa sun gama yarda cewa metil in ya hau ya hau ke nan. HDAC kuwa, wato masu goge asetil, a jikin mutum guda 18 ne, 11 suna aiki da zinki, 7 da ake kira sirtuwin suna aiki da wani sinadari mai suna NAD. Kuma maganar ba ta tsaya a sha'awar masana ba, don a cutar daji da dama enzayim ɗin nan suna wuce gona da iri ko su lalace, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da vorinostat a 2006 don wani nau'in dajin jini da ke bayyana a fata, romidepsin ya biyo baya a 2009, sai tazemetostat mai taka wa EZH2, wani enzayim mai sa metil, birki a 2020. Duk maganin nan kafin ya zama magani sai da wani ya zauna da faranti yana tambayar, enzayim ɗin nan yana aiki ko ya tsaya?

Da can hanyar amsa tambayar ita ce ta tiririn rediyo. Ka ba enzayim asetil ko metil mai tiritiyam, ka bar shi ya yi aiki, ka ɗiga a wata takarda da histon ke mannewa, ka wanke, ka sake wankewa, ka busar, ka jefa a kwalba ka ƙirga tiririn. Gaskiya hanya ce mai amana, don abin da kake nema shi kake aunawa kai tsaye, har yau akwai masu cewa ba su da wata sai ita kuma ban ga laifinsu ba. Amma ga lasisi, ga shara mai haɗari da ba a zubarwa ko'ina, ga cin lokaci, kuma in kana da sinadari dubu ɗari da kake son tacewa, haba, ai sai dai jikokinka su ƙarasa.

Shi ya sa aka koma wa ƙyalli, abin da ake kira fuloresens. Asalin abin mai sauƙi ne, akwai sinadaran da in ka haska musu haske mai wani launi sai su haɗiye shi su maido maka da wani launin daban mai ƙarancin ƙarfi. George Stokes a Ingila shi ya yi bayaninsa a 1852, ya ga ruwan kwinin na fitar da shuɗi idan hasken da ido ba ya gani ya dake shi. Abin da ya sa hanyar ke da kaifin ido shi ne a cikin duhu kake kallo. Idan auna launi kake yi irin na da, kana haska fitila mai ƙarfi ne ta cikin ruwa kana neman ɗan abin da ya ragu, kamar mai son gane an kashe kyandir ɗaya da rana tsaka. A ƙyalli kuwa na'ura na tace hasken da ka tura ta jefar, ba ta kallon komai sai sabon launin, don haka daga sifili kake farawa, ɗan ƙyas ya bayyana ka gan shi kamar tauraro a daren da babu wata. Shi ya sa ma farantin namu baƙi ne, kar hasken wannan ramin ya leƙa na maƙwabcinsa. Ga kuma garaɓasa, shi enzayim ba sau ɗaya yake aiki ya mutu ba, ƙwaya ɗaya za ta yi ta juyawa tana tara maka haske muddin ka ba ta lokaci.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Asetil ba ya ƙyalli. Metil ba ya ƙyalli. Ƴan mitsi-mitsin abubuwa ne, asetil na ƙara wa furotin nauyin dalton 42 kacal, metil 14, a jikin histon mai nauyin sama da dubu goma. Na'urar ba ta taɓa ganin alamar ba, ba ta taɓa ganin enzayim ɗin ba. Duk wata hanyar ƙyalli da ka ji ana yabo dabara ce ta nemo ɗan aike, wani abu da zai je ya gano ya dawo ya ba ka labari da haske, kuma kowa ya san halin ɗan aike, wani ya kawo saƙo daidai, wani ya ƙara gishiri, wani ma a hanya aka tare shi.

Ga wadda na yi amfani da ita. Ana ɗaukar laisin mai asetil, ko ɗan guntun furotin da ya ƙare da shi, a ɗaura masa wani rini mai suna AMC a gindi. Muddin rinin na ɗaure, ƙyallinsa a inda na'ura ke kallo kusan babu. Sai ka zuba HDAC ya cire asetil. Har yanzu ba haske. Sai mataki na biyu, ka zuba tirifsin, wani enzayim mai yanka furotin wanda ke yanka a bayan laisin amma ba ya iya yanka in laisin na sanye da asetil. Duk inda HDAC ya tuɓe asetil, tirifsin zai zo ya datse, AMC ya kuɓuta, ka haska shi da haske mai tsawon zango wajen nanomita 360 ya amsa maka da shuɗi a wajen 460. Haske da yawa, HDAC ya yi aiki. Haske kaɗan, an taka masa birki. Wallahi dabarar ta burge ni ranar da na fara fahimtar ta, har yanzu ma tana burge ni.

Kun dai riga kun gano inda na faɗi. Sinadarin nawa yana nan zaune a ramin lokacin da aka zuba tirifsin. Da na yi gwajin da Malam ya ce, wato na ɗauki laisin da tun asali babu asetil a kansa, babu HDAC ko ɗigo a ramin, na zuba tirifsin da sinadarin, sai hasken ya ƙi tashi. Ashe ɗan aikena aka shaƙe. HDAC ɗin kuwa yana ta aikinsa lafiya lau, ko a jikinsa. Murna ta koma ciki, kuma abin haushin shi ne gwajin bai ci min ko awa biyu ba, da na yi shi a ranar farko da ban ɓata sati uku ba. Wani abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne akwai wata lamba da muke lissafawa, Z mai ɗan waƙafi a sama, wadda aka fito da ita a 1999 don auna ingancin faranti, ana cewa in ta wuce 0.5 gwajinka ya yi kyau, nawa kuwa ya haura 0.7, sai na ɗauka shi ke nan an buga min hatimi. Alhali ita lambar abin da take faɗa kawai shi ne farantinka ba ya rawa, yau da gobe amsa ɗaya zai ba ka. Maƙaryaci ma ai yana iya riƙe zance ɗaya kullum.

Kuma ba tirifsin ne kaɗai ƙofar ɓarna ba. Sinadarai da yawa da ake tarawa don neman magani su da kansu suna ƙyallin shuɗi, sai su ƙara maka hasken da ba na AMC ba, wasu kuma masu launi ne, sai su shanye hasken da ka tura ko wanda ke dawowa, ka ga lamba ta faɗi ka ce ka samu magani alhali labule kawai aka ja maka.

A ɓangaren masu sa asetil, wato HAT irin su p300 da Gcn5, ɗan aiken daban ne. Enzayim na ciro asetil ne daga jikin wani mai dako da ake kira asetil-CoA, in ya sauke kayan sai ya bar CoA da wani hannu na salfa a buɗe, sai a zuba rini irin CPM wanda ba ya ƙyalli sai ya kama wannan hannun. Kyakkyawar dabara, sai dai akwai DTT, wani sinadari da kusan kowa ke zubawa a ruwan ajiye enzayim don kar ya lalace, shi kuma hannun salfa biyu gare shi. Wata ƴar'uwa da muke benci ɗaya ta taɓa kirana ta ce, "Yaya, zo ka ga ikon Allah, har ramin da ban sa enzayim ba ya kama da wuta." Muka bi diddigi, ashe ruwan da ta tsinka komai da shi ne ke da DTT. Wannan kam kuskure ne mai mutunci, don da ihu yake zuwa, kowa ya gan shi. Irin nawa mai sanɗa shi ne mugun.

LSD1 kuwa in ya goge metil yana barin shara biyu, fomaldihaid da haidurojin feroksaid, sai a kama na biyun. A zuba wani enzayim feroksidas da ake samowa daga saiwar wani tsiro, tare da rinin Amplex Red marar ƙyalli, feroksaid ɗin ya juya shi ya koma resorufin mai jan haske a wajen nanomita 590. Ja ya fi shuɗi kwanciyar hankali tun da sinadaran da ke ƙyallin ja da kansu ba su kai masu shuɗi yawa ba, amma an sake ɗauko enzayim na biyu, kuma duk sinadarin da ke shanye feroksaid ko ya dami feroksidas zai fito maka a rigar maganin LSD1. Ɗaya dangin masu goge metil ɗin, masu JmjC da aka gano a 2006, su ba sa fitar da feroksaid, da ƙarfe suke aiki, don haka fomaldihaid ɗin ake bi, kuma can ma duk abin da ke ƙwace ƙarfe sai ya yi kama da magani.

Wadda na fi ƙauna a cikinsu, in dai za a bar ni in zaɓa, ita ce mai haƙurin jira. Tushenta wani abu ne da Theodor Förster ya yi lissafinsa a Jamus a shekarun 1940, cewa in rini biyu suka matso kusa sosai, tazarar da ba ta wuce nanomita 10 ba, na farkon zai iya miƙa wa na biyun ƙarfinsa ba tare da ya fitar da haske ba, sai na biyun ya haska a madadinsa, kuma da sun ɗan ja baya abin ya mutu, don yana raguwa ne da ninkin tazara har sau shida. To sai a sa rini ɗaya a jikin guntun histon, ɗayan a jikin antibodi, wani furotin na garkuwar jiki da ba ya kama komai sai alamar da ake nema, a ce metil biyu a laisin na tara. Enzayim ya sa alama, antibodi ya zo ya rungume, rini biyu sun haɗu, haske ya tashi. Inda wayon yake shi ne rinin farko ana yin sa da yurofiyam ko tabiyam, ƙarafan da ƙyallinsu ke daɗewa. Rini na yau da kullum cikin ƴan nanosakan ya gama haskensa ya yi shiru, shi kuwa yurofiyam yana iya kai wa kusan milisakan. Sai na'ura ta walƙa haske, ta rufe ido na ƴan maikurosakan kamar 50 ko 100, duk masu hayaniyar nan, roba da sinadarai masu ƙyallin kansu, su gama su mutu, sannan ta buɗe ido ta saurari wanda ya rage, a 665 da kuma wajen 615, ta raba wannan da wancan. Ka bari masu surutu su gaji sannan ka ji mai magana. Sai dai nan ma amanar ta koma hannun antibodi, shi kuma ba waliyyi ba ne. Laisin na 9 da na 27 a H3 maƙwabtansu iri ɗaya ne sak, haruffa huɗun nan ARKS, don haka antibodi na iya rikita su. Wani ba ya bambance metil biyu da uku sosai. Wani kuma in aka sa fosfet a tubali na 10 sai ya kasa kama na 9 ko da alamar na nan daram. Ka sayi sabuwar kwalba daga kamfani ɗaya da lamba ɗaya, ta zo da wani hali daban.

Da na gama jinyar kunyata sai Malam ya ce in je in karanta rigimar resberatirol, wai zan samu sauƙi. Na kuwa samu. A 2003 aka wallafa a mujallar Nature, da hannun David Sinclair na Harvard, cewa wannan sinadarin da ake samu a ɓawon inabi yana zaburar da SIRT1, ɗaya daga cikin sirtuwin bakwai ɗin nan, kuma da yake ana danganta sirtuwin da tsawon rai a yis, ƙwayar nan mai kumbura burodi, duniya ta ɗauka. Gwajin da aka yi amfani da shi irin nawa ne, guntun furotin mai asetil da rini a gindi. A 2005 ƙungiyoyi biyu daban-daban, ɗaya da Matt Kaeberlein ɗaya kuma ta John Denu, suka ce tsaya, in aka cire rinin aka ba enzayim ɗin guntun furotin tsurarsa, zaburar ta ɓace. Wato rinin da aka sa don ya zama ɗan kallo ashe da shi ake wasan. Duk da haka a 2008 GlaxoSmithKline ya sayi Sirtris, kamfanin da aka kafa a kan wannan fata, a kan dala miliyan 720. A 2010 masu bincike na Pfizer suka fito da irin wannan ƙorafi a kan sabbin sinadaran kamfanin. Sai a 2013 ɓangaren Sinclair suka dawo da amsa a mujallar Science, suka ce rinin yana kwaikwayon wasu tubala ne masu ƙin ruwa da ke jikin wasu furotin na gaskiya da SIRT1 ke aiki a kansu, kuma in tubalan na daidai wurin ana ganin zaburar ko babu rini. Ni ba alƙali ba ne a wannan shari'ar, kowane ɓangare na da hujjar da ba a ture ta da ƙafa. Amma ka duba fa, shekara goma manyan masana na kai ruwa rana, ga maƙudan kuɗi a tsakani, kuma asalin gardamar duk a kan ɗan rinin da ke gindin feftayid ne, wato guntun furotin ɗin.

Wannan ya kai ni ga abin da na fi ganin ana yi wa riƙon sakainar kashi, wato me ka ba enzayim ɗin ya yi aiki a kai? A cikin sel ba guntun furotin mai tubali huɗu yake tararwa ba, dunƙulen histon ne da DNA naɗe a jikinsa da maƙwabta ta ko'ina. DOT1L, mai sa metil a laisin na 79 na H3, ko kallon guntu ba ya yi, sai an kawo masa cikakken dunƙule. HDAC4 da 5 da 7 da 9 kusan ba sa taɓuka komai a kan asetil na gaskiya, sai da aka ƙera musu wani na jabu mai fulorin uku sannan suka ba da haske, to in ka auna wannan hasken, aikin wa ka auna? SIRT5 ma da aka daɗe ana cewa rago ne wajen cire asetil, ashe ba sana'arsa ba ce, wasu alamomin daban irin su saksinil yake cirewa.

Yanzu kuma yayin da ake ciki shi ne tseren kaifin ido. Kusan kullum sai ka ga sabuwar takarda, an haɗa ɗigon kwantam, ƴan ƙananan lu'ulu'un nan da suka jawo wa mutum uku kyautar Nobel a 2023, da rini irin Cy5, ko an ɗaura wa gwajin wani zaren DNA da za a yi ta kwafinsa don alama ɗaya ta haifi haske dubu, ko kuma an koma ƙirga ɗigon haske ɗaya bayan ɗaya da madubin da ke haska siririn wuri da bai wuce nanomita 100 zuwa 200 daga saman gilashi ba. Abin sha'awa ne ƙwarai, kuma yana da amfani na gaske, don wanda ke da ɗan tsokar da aka ciro daga majiyyaci ko ƴan sel ƙalilan ba shi da enzayim ɗin da zai yi facaka da shi. Amma ni yanzu in na buɗe irin takardun nan ba lambar mafi ƙanƙantar abin da suka iya ganowa nake fara dubawa ba, don ita ana samo ta ne galibi daga enzayim tsarkakakke a ruwa mai tsabta. Ina tsallakawa ne in ga me ya faru da suka zuba ruwan sel na gaske, inda akwai masu yanka furotin da masu cin DNA da HDAC goma sha wani abu duk a rami ɗaya. Kuma kowane matakin ƙara haske da aka saka, sabon ɗan aike ne aka ɗauka, in na farko ya yi kuskure na biyu zai ninka shi ne da zuciya ɗaya.

Masu kallon sel mai rai su ma suna nasu, Hiroshi Kimura a Jafan ya yi suna wajen tura guntayen antibodi masu ƙyalli cikin sel ana kallon alamar na hawa tana sauka a ainihin lokacin. Wannan fage ne da ban sa hannu a ciki ba tukun, sha'awa kawai nake daga nesa.

Abin da muka koma yi a bencinmu shi ne duk sinadarin da ƙyalli ya nuna, sai ya bi ta wata hanyar da ba ruwanta da haske kafin a kira shi da wani suna, yawanci na'urar auna nauyin ƙwayoyi, wadda za ta ce maka guntun nan ya ragu da 42 ko bai ragu ba. Ita ma ɗin sai mai kyau, don asetil nauyinsa 42.011 ne, metil uku kuma 42.047, in na'urarka ba ta da kaifi sai ta haɗa maka su a kwando ɗaya. Tana da jinkiri, layin jiranta ma wani abu ne, shi ya sa ba za ta taɓa karɓe aikin faranti mai ramuka 384 ba, shi ya tace dubbai, ita ta tantance goman da suka tsira.

Sinadarin nawa yana nan a firiza, ban zubar ba. Na rubuta masa "tirifsin" da jan alƙalami a murfi, kuma yanzu shi nake sakawa a layin ƙarshe na kowane faranti a matsayin kwantirol, wato ramin da na riga na san amsarsa, in hasken ramin nan bai faɗi ba to na san wani abu ya samu mataki na biyu. Jiya sabuwar kwalbar antibodi ta iso, ta H3K27, wato laisin na 27 na H3, mai metil uku, kuma kafin ta taɓa wani gwaji na gaske sai na jera mata guntaye huɗu, marar metil, mai ɗaya, mai biyu, mai uku, da na K9 a gefe in ga ko za ta yi masa kallon ɗan'uwa. Feftayid ɗin mai metil biyu ne ma ya ƙare, sai an sake oda.